Kwana uku na taron bita ba sa raba yaron garaji da daji

Makon jiya na kai babur ɗina gyara a garajin da ɗan ƙanwata yake koyon aiki, nan cikin garin Tawa. Na tarar da shi tsugune gaban rabin jarka yana wanke ƙarafan inji da esansi, ya miƙe hannuwa nesa da jikinsa kamar mai tsoron wuta. Sai da na matso na ga dalili. Sabuwar riga ce a jikinsa, fara fat, a gaba an zana kurciya, a baya an rubuta "Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki". Shekara shida ban taɓa ganinsa a wurin nan da wata sutura ba in ba tsohuwar rigar ƙwallo da baƙin mai ya rine ba.

"Kai kuma ina ka samo wagga riga?"

"Taro anka kai mu, Kawu. Kwana ukku."

"Taron mi?"

"Na tsattsauran ra'ayi. Wai kada mu yarda a ruɗe mu mu shiga daji."

"To mi kunka koyo?"

Ya ɗan yi shiru, ya dubi inda maigidansa yake zaune, ya rage murya. "Wallahi Kawu, rabin maganar da Faransanci anka yi ta. Amma mun ci abinci da nama, kuma ranar tashi an ba mu jika bibbiyu."

Tun daga ranar raina yake a ɓace. Duk mai bin labarai ya san yayin da ake ciki. Babu bikin yaye ɗalibai, babu buɗe wata cibiyar koyon sana'a da za a tashi ba a ce an cusa wa matasa kishin ƙasa da ƙyamar tsattsauran ra'ayi ba. Yanzu abin ya wuce jawabi, ya zama darasi mai zaman kansa da ake liƙa wa horon makanikai da teloli da masu walda, da littafinsa da majiginsa da takardar shaidarsa. A kwaso yara daga rumfunan gyara, a zaunar da su a ɗaki mai sanyi, wani mai kwat ya karanta musu ma'anar haƙuri da juna, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto cewa an wayar da kan matasa kaza. Rana ta huɗu yaro ya koma ƙarƙashin rumfar kwano, ya tarar da komai yadda ya bar shi.

Kada a fahimce ni a baibai. Mutumin jihar Tawa ba ya bukatar a yi masa bayanin ta'addanci. Ranar 21 ga Maris 2021 mahara bisa babura suka afka wa Intazayene da Bakorat da Wistane a gundumar Tiliya, gwamnati da kanta ta ƙirga gawa 137. Tun 2017 aka sa Tiliya da Tasara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Ta kudu kuma, tun ƙarshen 2024 sunan Lakurawa bai bar bakin mutanen iyakarmu da Sakkwato ba. Duk wanda ya ce a yi wani abu domin kada ƴaƴanmu su faɗa hannun waɗannan mutane, ina bayansa. Abin da na ƙi shi ne fahimtar da aka gina darasin a kanta, wato cewa cutar a cikin kan yaro take, wasu miyagun ra'ayoyi ne ke shirin shiga, saboda haka magani shi ne a riga su a zuba masa masu kyau. An bar jaki ana dukan taiki.

Ai waɗanda suka shiga dajin ma an tambaye su. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, PNUD, ta fitar da wani bincike a Fabrairun 2023 bayan ta zanta da mutane kusan 2,200 a ƙasashe takwas na Afirka, har da Nijar, kuma fiye da dubu daga cikinsu tsoffin ƴan irin waɗannan ƙungiyoyi ne. Kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka shiga da ƙafarsu sun ce neman aiki ne babban dalilinsu. Bin dangi da abokai ya zo na biyu. Addini ya zo na uku, da kashi 17. Kusan rabinsu sun ce akwai wani abu takamaimai da ya faru ya ingiza su, kuma a cikin waɗannan, kashi 71 cin zarafi suka ambata, galibi daga jami'an tsaro. Binciken farko da hukumar ta yi a 2017 ya nuna fiye da rabin waɗanda suka shiga sun faɗa da bakinsu cewa ba su fahimci littattafan addinin sosai ba, wasu ma ko kaɗan. Masu shirya mana taruka sun san da wannan bincike. Amma rashin aiki da zalunci abubuwa ne masu tsada da haɗarin taɓawa, shi ya sa suke kewaye su, su tafi inda ya fi sauƙi, wato kunnen yaron da ba zai iya musu ba.

Bari in faɗi abin da ɗan ƙanwata ya koya game da zaman tare a shekara shida, domin ya koyi abu da yawa, a makarantar da ba ta hutu. Yana da shekara 12 uwarsa ta kama hannunsa ta kai shi, da goro da ɗan abin da ta samu, ta ce wa maigidan ga amana. Ba a rubuta komai ba, ba a sa ranar gamawa ba. Shekara biyun farko bai riƙe kile ba sai dai ya miƙa wa wani. Aikinsa shara, ɗebo ruwa, sayo shayi, kai cefane gidan maigida, wata rana har wankin yaran gidan. Yau shi ke sauke inji ya mayar shi kaɗai. Ƴan kabu-kabu shi suke nema da suna, in ba ya nan su zauna su jira. Amma kuɗin aikin aljihun maigida suke shiga, shi kuma a ba shi na abincin rana, ran da aka ga dama. In ya ɓata aiki, akwai wata tsohuwar robar taya da aka yanka tana rataye a jikin rumfa, kowa ya san amfaninta. Ya ga an wanke tsohon buji an sa a kwalin sabo an sayar wa baƙauye. Ya ga an ce wa mai babur injinsa sai an sauke alhali datti ne kawai ya toshe hanyar mai. Ya ga wanda ya riga shi zuwa da shekara uku ya nemi a yaye shi, aka ce masa bai isa ba, ya yi zuciya ya tafi Jado haƙar zinariya, har yau ko waya bai bugo ba.

To wannan yaron ne aka zaunar kwana uku ana gaya masa ya mutunta doka, ya riƙe amana, ya guji tashin hankali. Shi kuwa wanda yake nuna masa akasin haka daga hantsi har magariba, ba wanda ya gayyace shi.

Ba ina cewa maigidan mugu ne ba. Na san shi shekara da shekaru, muna gaisawa a masallaci. Shi ma haka aka yi masa, da irin wannan roba aka koya masa aiki, kuma ya yi imani cewa in ba haka ba yaro ba ya zama mutum. Ga haya, ga haraji, ga wutar da ke ɗaukewa ana tsakar aiki, ga kayan gyara da suka yi tashin gwauron zabo tun lokacin da aka rufe iyakoki a 2023. Yara bakwai ne a rumfarsa, kuma rabinsu iyayensu sun kawo su ne domin gida ba abin da za a ba su. Mutum ne da aka ɗora wa tarbiyyar ƴaƴan jama'a, ba a taɓa tambayarsa yaya yake yi ba, ba a taɓa nuna masa wata hanya ba, kuma ba a taɓa tsawata masa ba. Irinsa dubbai ne a ƙasar nan, kuma yaran da ke hannunsu sun ninka waɗanda ke cikin cibiyoyin gwamnati nesa ba kusa ba. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wannan ita ce babbar makarantarmu, mun so ko mun ƙi.

Kuma ba doka ce babu ba. Kundin dokar aiki na 2012 ya hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da a matsayin mai koyo ne, ya kuma ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata. Ɗan ƙanwata, saurayi ɗan shekara 18 da ke yin aikin ƙwararre, in an haɗa duk abin da ke shiga hannunsa a wata ba ya kai rabin haka. Ku zagaya rumfunan gyara na Tawa da Ƙonni da Madawa, ku je Katako a Yamai inda ake zuba tukwanen sanholo da ƙera akwatunan ƙarfe, ku tambayi yaran nan wa ya taɓa ganin takardar koyonsa. Ta yaya za ka ce wa mutum ya girmama doka alhali dokar ba ta taɓa tsaya masa ko sau ɗaya ba? Shi a saninsa, hukuma ita ce mai zuwa karɓar haraji, da mai kama babur a bakin hanya.

Akwai kuma abin da masu littafin ba su sani ba, domin ba su taɓa wuni a garaji ba. Yaƙin nan na Sahel bisa babur ake yin sa. Babur yana son mai, yana son taya da sarƙa da buji, yana son mai gyara. Wanda zai zo farautar yaron makanike da wuya ya fara da wa'azi. A matsayin mai kawo aiki zai zo. Ga babura uku a duba, ba ya neman ragi, ya biya nan take har da ƙari, ya dafa kafaɗar yaron ya ce hannunka na da kyau. Karo na biyu ya tambaye shi nawa maigida ke ba shi, ya girgiza kai. Karo na uku ya ce akwai aiki a ƙauye, kwana biyu kacal, ga kuɗin mota. Yaron da ya shekara shida ba a taɓa ce masa sannu da aiki ba, ranar nan ya ji an kira shi gwani. Ayoyi da hujjoji daga baya suke zuwa, bayan ƙafa ta riga ta shiga, bayan an nuna masa cewa in ya koma gida jandarma na jiran sa tun da ya riga ya gyara musu babura. Na tambayi ɗan ƙanwata ko an yi musu maganar irin wannan baƙo a taron. Ya ce a'a, an dai zana musu icce a allo, saiwoyinsa talauci da jahilci, rassansa ta'addanci, aka ce su kwafa.

Wanda zai iya gane wannan baƙo tun daga bakin rumfa shi ne maigida. Shi ya san ƴan kabu-kabun gari ɗaya bayan ɗaya, ya san babur ɗin da ya sha ƙurar daji da wanda ya sha ta gari, ya san cewa mai biyan kuɗi ba ciniki akwai magana a bayansa. Shi zai ce, Malam, aiki ya yi mana yawa, gwada gaba. Amma sai in yaron yana iya zuwa ya raɗa masa cewa mutumin nan ya karɓi lambata. Yaron da ke tsoron roba ba ya raɗa wa maigida komai, ɓoyewa ya iya.

Ita ma hukuma tana da nata kason a darasin da yaran nan ke ɗauka. A 2015 aka hana hawa babur a jihar Difa, aka hana cinikin kifi da tattasai. A Janairun 2020 aka hana babur a sassan Tilaberi. Ban musa dalilin tsaro ba, mun ga abin da ake yi da babura. Amma duk babur ɗin da aka jingine, ɗan kabu-kabu ne ya zauna, da mai faci, da mai sayar da mai a kwalba, da makanike da yaransa biyar. Wa ya bi su ya tambaye su me za su ci? A 2016 aka yi rusau a manyan titunan Yamai, shaguna da rumfuna suka tafi a ƴan kwanaki, a cikinsu akwai wuraren da yara ke koyon ɗinki da gyaran waya da faci. A ƙarshen wannan shekara ta 2016 gwamnati ta yi tayin afuwa ga ƴan Boko Haram da suka ajiye makami, aka buɗe musu sansani a Gudumariya, aka koya musu sana'o'i, rukunin farko na sama da mutum ɗari ya fito a Disambar 2019. Na goyi bayan wannan, kuma har gobe ina goyon baya, domin duk wanda aka fitar daga daji rai ne aka ceta, nasa da na wasu. Amma ku dubi abin da idon yaron garaji. Wanda ya ɗauki bindiga ya tuba, gwamnati ta san sunansa, ta koya masa sana'a, ta yi bikin sallamarsa. Wanda bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, yana nan shekara ta shida ba wanda ya san da shi, sai ranar da ake bukatar cika ɗakin taro.

Na san ana iya koyar da zaman tare a wurin sana'a, domin na gani da idona. Lokacin da nake zaune a Yamai akwai wani mai walda a unguwarmu, mutumin Benin, Kirista, ya tsufa a kan aikin ƙofofi da tagogi. Yaransa biyar: Bazabarme ɗaya, Buzu ɗaya, Bafulatani ɗaya, Adarawa biyu. Da rana tire guda ake ajiyewa, shinkafa da wake ko dambu, shi ma ya wanke hannu ya tsuguna cikinsu. In an kira azahar, shi ke kashe na'ura da kansa, ya ce ku je ku yi salla, ƙarfe ba ya gudu. Duk yammacin Asabar yakan zauna bisa wani tsohon gwangwanin fenti, ya ƙirga kuɗin mako a gaban kowa, ya cire na ƙarfe, na wuta, na haya, ya ba kowane yaro nasa gwargwadon daɗewarsa. Ba yawa, amma kowa ya ga yadda aka raba. Wata rana ina tsaye babban yaronsa ya haɗa ƙofa da ƙarfe marar kauri, ya shafe ta da fenti, ba mai iya ganewa sai ta shekara. Tsohon ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya saurari ƙarar, ya miƙa wa yaron abin yanka. Bai zage shi ba, bai taɓa shi ba. Ya hau kekensa ya je ya gaya wa mai ƙofa ya ƙara haƙurin kwana biyu. Yaron yana yankan aikin hannunsa yana share hawaye da bayan hannu, sauran suna kallo.

A rumfar nan kullum cikin tsiya ake. Bazabarmen ya ce Buzu bai san ruwa ba sai a salka, Buzun ya ce Bazabarme in ba kopto ba ya kai gobe, a kwashe da dariya, a koma aiki. Wannan wasan taubasai da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014 da sunan Nijar, na Zabarmawa da Buzaye, na Barebari da Fulani, na Arawa da Fulani, a irin wannan tire yake rayuwa, tsakanin mutanen da ke cin abinci tare kuma ba wanda ake cuta a cikinsu. In aka ɗauko shi aka sa a majigi, sunansa kawai ya rage.

Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, Damagaram da Yamai suka kama da wuta. Mutum 10 suka mutu, ƴan sanda suka ce coci 45 aka ƙona a Yamai. Samari ne sa'o'in yaran nan suka cika tituna. Ranar Asabar ɗin, tun kafin hayaƙi ya iso unguwarmu, yaran mai walda suka kwashe matarsa da ƴaƴansa suka kai gidan uwar ɗaya daga cikin Adarawan, su kuma suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa suka kwana biyu a nan. Su ma zanen ya ƙona musu rai, na ji su suna faɗa. Amma wanda ke kashe na'ura domin su yi salla, ba mai taɓa shi suna raye.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Garuruwanmu sun san sarkin maƙera da sarkin fawa da sarkin magina, waɗanda ke sasanta rigimar ƴan sana'a, su tsawata wa mai ha'inci, su san yaron wane ya isa a sallame shi. Addininmu ma bai bar wurin a buɗe ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu, ya ce wanda ke ƙarƙashin hannunka ka ciyar da shi daga abin da kake ci, kada ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Duk waɗannan maganganu maigida suke fuskanta kafin yaro.

Masu cewa a bar wa malamai aikin su yi wa'azi, ai yaran nan suna jin wa'azi a rediyon garaji daga safe har dare, kuma robar tana nan rataye. Masu kewar Samariya, ƙungiyar matasa ta zamanin Shugaba Kunce, da masu cewa a tura yaran bariki su sha horo, su sani wanda ya shekara shida yana shan duka ba horo ya rasa ba. Masu cewa duk makircin Turawa ne kuwa, sojojin Faransa sun bar ƙasar nan tun Disambar 2023, tsohon buji bai daina shiga kwalin sabo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raini. Dubi wa ake kwasowa. Ɗan talaka, mai baƙin mai a farce, shi ne abin zargi tun kafin ya yi komai, shi ake wa kallon ɗan ta'addan gobe. Ƴan matan da ke koyon ɗinki, waɗanda ke wuni suna guga da ɗinke maɓalli kyauta shekara uku kafin a bar su su taɓa keke, su ma an sa musu riga mai kurciya. Wa ya taɓa kwaso ƴan kwangilar da ke gina ajin da ke rushewa a damina ta farko ya zaunar da su kwana uku a kan kishin ƙasa? Wa ya zaunar da mai karɓar na goro a shingen hanya? Su ne ke koya wa yaran nan cewa ƙasa ta mai ƙarfi ce. Sannan a zo a yi wa yaro magana da harshen da bai iya ba, a ƙasar da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, a garin da ko akuya Hausa take ji. Wanda ya tsaya gaban yaran Adar yana karanta musu Faransanci ba da su yake magana ba, da wanda zai karanta rahotonsa yake. Wannan cin amana ne, kuma da kuɗin da aka karɓo da sunan yaran ake yin sa.

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. Muna da FAFPA, asusun da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, muna da majalisar masu sana'ar hannu, CMANI. Kuɗin ɗakin taro da riguna da abinci da nama a juya su wurin iyayen gida. A zauna da su a rumfunansu, da Hausa, da sarakunan sana'a a wurin. Duk yaron da aka kai koyo a rubuta takarda a ofishin magajin gari, ga ranar shiga ga ranar fita, ga abin da za a riƙa ba shi. Maigidan da ya yaye yaro a kan lokaci a sassauta masa haraji, a ba shi aikin tebura da ƙofofin makarantu. Wanda aka yaye ya fita da akwatin kayan aiki a hannunsa. In an yi wannan, a zo a yi maganar baƙon nan mai babura uku, yaran za su saurara, wataƙila ma su ne za su ƙara wa mai koyarwa sani.

Ɗan ƙanwata ya fara maganar Libiya. Ya ce wani abokinsa na fada ya gaya masa ana neman makanikai a Sabha, uwarsa kuma ta daina barci. Na gaya mata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu je wurin maigidan, ni da ita da babban wansu, da goro kamar yadda aka kai shi, mu roƙe shi ya sa mana rana. In ya sa, zan rubuta ta a gabansa, mu duka mu sa hannu. Kayan aiki kuma na fara tambayar kuɗinsu a kasuwa, kile da guduma da famfon iska, zan riƙa saye ɗaya ɗaya kafin ranar ta zo.